Yadda za ka shawo kan manhajar lissafin shago, da lokacin da horo ke da amfani

Wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano ya taɓa aikowa a kira ni bayan la'asar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya juyo mini da fuskar kwamfuta.

"Malam, don Allah duba mini wannan abin. Wai taliya ta ƙare, har ana bin sito bashin katan goma sha huɗu. Ga taliya can jibge, leƙa ka gani. Na sayi kwamfuta, na biya kuɗin manhaja, na tura yaron nan kwas na sati biyu. To me kuma ya rage?"

Na leƙa, taliya kuwa tana nan. Mota ta sauke kaya ranar Litinin, 'yan dako suka shigar, aka ci gaba da ciniki. Duk katan ɗin da ya fita yaro yana shigarwa, kamar yadda aka koya masa. Amma takardar kayan da suka shigo tana aljihun Alhaji, ya tafi da ita gida, kwana huɗu ba wanda ya gaya wa manhaja an sauke komai. Ita kuma abin da aka ba ta shi ta lissafa. Da za a sake tura yaron kwas na wata guda, lambar nan ba za ta gyaru ba muddin takarda na kwana a aljihu.

Na daɗe ina zama da masu shaguna a kan irin wannan, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce ko a biya kuɗin horo. Amsata kullum ita ce a dakata tukuna. Horo yana aiki, amma a kan wata irin matsala guda, kuma sai an yi shi a kan littafinka, a cikin shagonka. Ga yadda nake bi da abin daga farko.

Da farko, ka gano abin da ke ciwon

Ka ajiye ƙaramin littafi kusa da kwamfutar na tsawon sati ɗaya. Duk lokacin da abu ya ɓata maka rai, ko ya ɓata wa yaronka, a rubuta shi a layi guda: "na rasa inda ake shigar da kayan da aka dawo da su", "sabis ya ɗauke, mun kasa buga rasit", "kuɗin banki bai yi daidai da na manhaja ba". Kada a gyara komai, a rubuta kawai.

Ƙarshen sati ka zauna ka kasa su kashi uku. Akwai na rashin sanin hannu, wato manhajar tana iya abin amma ba a san inda ake taɓawa ba. Akwai na manhajar kanta, wato ba a gina ta don irin kasuwancinka ba. Sai kuma na ɗabi'ar shago: takarda a aljihu, hannu a durowa, bashin baki da ba a rubuta ba. Kashi na farko ne kaɗai mai koyarwa zai iya cire maka gaba ɗaya. Na biyu maganinsa canji. Na uku kuwa, wanda a shagunan da na gani shi ya fi tsawo, babu mai gyara shi sai maigida da kansa.

Raba aljihunka da na shago

Wannan matakin babu kwamfuta a cikinsa, amma duk wanda ya tsallake shi zai yi ta zagin manhaja har ya gaji. Ka buɗe wa shago asusun banki nasa, na'urar POS ta riƙa zuba kuɗi a nan. Kuɗin makarantar yara, cefane, gudummawar biki, zubin adashi, duk kada su fita kai tsaye daga wannan asusun. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka duk sati, ka tura shi asusunka, can ka yi yadda kake so.

Na san ba kullum ake iyawa ba. Baƙo zai zo, za a zo neman taimako, hannu zai shiga durowa. Ba laifi, dukiyarka ce. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta, kuma a rubuta a inda ya dace. Kowace manhajar kirki tana da wurin shigar da abin da mai kasuwanci ya ɗauka don kansa. Idan aka jefa kuɗin cefane cikin kuɗaɗen gudanar da shago, riba za ta fito ƙarama, ka ɗauka kasuwa ce ba ta tafiya alhali gida ne ke ci. Haka ma idan ka ɗauki katan ɗin madara ka kai gida, ba ciniki ba ne, kuma bai ɓata ba. Maigida ne ya ɗauka, a farashin sari.

Ƙa'ida ɗaya da ta isa ka gane

Manhajojin lissafi irin su QuickBooks, Sage 50 (wanda tsofaffin akantoci har yau suke kira Peachtree), Tally, Zoho Books, dukkansu a kan ginshiƙi ɗaya suke: kowane kuɗi yana da inda ya fito da inda ya tafi, kuma dole a rubuta duka biyun. Tsarin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. 'Yan kasuwar Italiya suna aiki da shi tun kafin Luca Pacioli ya bayyana shi a rubuce a birnin Benis a 1494. Littafin shagonmu na gargajiya gefe ɗaya yake riƙewa: "Wane, katan biyar, bai biya ba." Manhaja kuwa tana son ta ji cewa katan biyar sun bar sito, kuma bashin Wane ya ƙaru da kuɗinsu. Ranar da ya biya, bashinsa ya ragu, asusun banki ya ƙaru. Yawancin abin da mutane ke kira taurin kan manhaja daga nan yake, tana neman gefe na biyun ne da ba mu saba faɗa ba.

Akwai wani ruɗani da nake so in kawar tun yanzu. Alat ɗin banki yana cewa kiredit idan kuɗi ya shigo maka. A cikin manhajarka kuma kuɗin da ya shiga banki debit ne. Ba wanda ya yi kuskure. Banki yana rubutu ne daga nasa littafin, inda kuɗinka bashi ne a kansa, kai kuma kana rubutu daga naka. Na ga yaran da suka gama kwas da satifiket amma wannan abu guda yana juya musu kai. In kalmomin sun dame ka, ka bar su. Kafin kowace shigarwa ka tambayi kanka: daga ina, zuwa ina?

Ko manhajar ce ma ba taka ba

Mai ɗaukar kaya iri ashirin, mai ciniki talatin a rana, ba ya bin kowa bashi mai yawa, Excel ko Google Sheets ya ishe shi, ko ma littafi mai kyau da biro. Ba abin kunya ba ne. Manhaja tana fara biyan kuɗinta ne idan kaya sun yi yawan da kai ba zai riƙe ba, ko masu karɓar bashi sun yi yawa, ko akwai hannu fiye da ɗaya a ciniki.

Idan ka kai wannan matsayin, ga abin da zan tambaya kafin in biya ko kwabo. Tana aiki idan babu intanet? Irin su Zoho Books da QuickBooks na intanet sai da sabis, Tally da Sage 50 kuwa a kan kwamfutar suke zaune, sai dai su kuma suna son wuta da wanda zai kula da ajiyar bayanai. Da wane kuɗi ake biya? Duk wanda yake biyan kuɗin wata da dala ya ji a jikinsa bayan watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira: dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin manhaja ya ninka ba tare da an ƙara maka ko maɓalli ɗaya ba. An kuma yi lokacin da yawancin katunan naira ba sa biyan kuɗin waje. Tana iya sayen katan ta sayar da ɗai-ɗai? Za ka iya hana yaro ganin riba ko goge cinikin jiya? Sannan, in ka gaji da ita, za ta ba ka bayananka a Excel ka tafi? Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta. Kamfanin Intuit ya janye manhajarsa QuickBooks daga Indiya a 2023, ƙasa mai ɗimbin 'yan kasuwa, kowa sai da ya kwashe nasa ya nemi wani wuri.

Wajen saitin farko ka zauna da kanka. Zaɓi Najeriya a wurin ƙasa, naira a wurin kuɗi, domin a wasu manhajojin canza kuɗin gida daga baya sai an sake buɗe sabon littafi. Duba tsarin kwanan wata: Amurkawa wata suke fara rubutawa, saboda haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Ƙaramin abu ne, amma na taɓa ɓata yini guda ina neman cinikin da ya gudu wani watan saboda shi. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun Fabrairun 2020, sai dai ba kowane kaya ake ɗora wa ba, ba kuma kowane ƙaramin kasuwanci ne ke karɓa ba. An sake dokokin haraji a 2025, don haka kafin ka kunna wannan ɓangaren ka tambayi akanta mai rajista.

Ranar farawa: a nan ake ci, a nan ake faɗuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka fara ana saura sati biyu Sallah ko a tsakiyar cinikin azumi. Zaɓi ranar ɗaya ga wata a lokacin da kasuwa ta lafa. Daren da ya gabata, ko ranar hutun kasuwa, a rufe ƙofa a ƙirga komai da hannu. Ba kiyasi, ba "zai kai hamsin". A sauko da katan ɗin sama a tabbatar ba fanko ba ne. Abin da ya lalace ko ya wuce wa'adi a ware shi gefe, kada a ƙirga shi da lafiyayye.

Abu biyar kake nema a wannan daren: kaya a farashin da ka saro su, kuɗin durowa, kuɗin kowane asusun banki da na POS, bashin da kake bin mutane kowa da sunansa, da bashin da ake bin ka. A ce kaya sun kama naira 6,200,000, durowa 180,000, banki 1,350,000, kana bin mutane 900,000. Jimilla 8,630,000. Dilolin da ke ba ka kaya suna bin ka 2,100,000. Jarinka na gaskiya a wannan ranar 6,530,000 ne. Masu shago da dama ba su taɓa ganin wannan lambar ba sai a irin wannan daren, kuma wani lokacin ɗakin yakan yi shiru na ɗan lokaci.

Bashin mutane shi ya fi cin rai. Kada ka shigar da shi dunƙule. Bi tsohon littafi suna bayan suna, wanda ake da saɓani da shi a kira shi a daidaita kafin a shigar. Wanda ka san a ranka ba zai dawo ba, shekara uku ba labari, ka ware shi daban. Idan ka cusa shi cikin jari, kanka kake yaudara. Kuɗin da wani ya ba ka kafin alƙalami, kaya ba su fita ba tukuna, shi ma ba ciniki ba ne, bashi ne a kanka har ranar da ya ɗauki kayansa.

Sai sunayen kaya. Nan ne rikici ke ɓuya. Yau yaro ya rubuta "Taliya babba", gobe ƙaninsa ya buɗe "Spageti 500", jibi kai ka buɗe "taliya katan". Kaya ɗaya ya zama uku, ana saye a ɗaya ana sayarwa a ɗaya, lissafi ya watse. Ka tsara salo guda, misali nau'in kaya, sunan kamfani, girma, kuma mutum ɗaya ne kawai ke da izinin buɗe sabon suna. Mai atamfa a Kantin Kwari zai yi haka da turmi da yadi, mai hatsi a Dawanau da buhu da tiya.

Awo ma sai an yanke shawara tun farko. Katan ɗin taliya yana ɗauke da leda ashirin. Idan kana fasa katan, ka sa leda ta zama ma'aunin tushe, katan kuma ashirin ɗinta. Sukari da shinkafa sun fi wuya, domin buhu mai kilo 50 ba ya ba da mudu iri ɗaya a hannun kowa, wani yana tozo wani yana shafewa, ga gyara da ake yi wa mai saye. Auna buhu uku da mudun shagonka, ka ɗauki matsakaici, ka saita da shi, ka kuma yarda cewa duk wata za a sami ɗan giɓi da za a daidaita. Wanda yake son manhaja ta bi masa ƙwayar shinkafa zai haukace a banza.

Abu na ƙarshe a nan: kuɗin mota da na dako suna cikin kuɗin kaya. Katan ɗin da ka saro 18,000, ka kashe 300 kafin ya shiga sito, 18,300 ya tsaya maka. In ba ka sa ba, kowane katan zai riƙa nuna maka ribar da babu ita.

Wata na farko kada ka jefar da littafin takarda. A riƙa yin biyun tare. Aiki ne ninki biyu, yara za su yi gunaguni, amma shi ne kaɗai abin da za ka kwatanta da shi idan lamba ta karkace.

Aikin kullum

Doka ta farko ita ce wadda Alhajin Singa ya karya: kaya ba sa fita a manhaja kafin su shiga. Mota ta sauke, a ƙirga, a shigar, sannan a fara sayarwa. A kafa ƙusa ko a ajiye kwali kusa da kwamfuta, duk takardar kaya nan take sauka, ko ta maigida ce.

Kowane ciniki a faɗa wa manhaja yadda aka biya: kuɗi hannu, taransifa, POS ko bashi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 taransifa ta zama ruwan dare, kuma ta zo da nata ciwon kan. Mutum zai tura daga asusun matarsa, suna daban, ko ya biya rabi yau rabi jibi. A rubuta sunan mai turawa a jikin cinikin nan take, don bayan sati biyu ba mai tunawa.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne ninka ciniki. An ba Wane kaya bashi ranar Talata, an shigar. Ya turo kuɗi ranar Juma'a, yaro ya ga alat, ya shigar da shi a matsayin sabon ciniki. Yanzu manhaja tana ganin an sayar sau biyu, kaya sun ragu sau biyu, kuma Wane har yanzu ana bin sa. Bayan wata ka kira bawan Allah kana masa tuni, ya turo maka hoton rasit, kunya ta kama ka. Biyan bashi wurinsa daban, kuma sai an ɗaura shi a kan ainihin cinikin da aka biya. Wannan kam horo yana gyara shi cikin minti goma.

QuickBooks yana da wani asusun riƙon ƙwarya inda kuɗin da aka karɓa ke jira kafin a ce sun shiga banki. Idan ba wanda ya san da shi, kuɗi za su yi ta taruwa a can wata da watanni, banki kuma a manhaja ya zama wayam. In ka ga wata lamba tana kumbura ba ka san ta ba, fara duba nan.

Da an rufe shago, kafin kowa ya tafi, a ƙirga durowa a kwatanta da abin da manhaja ta ce. Bambancin yau ana iya gano shi yau, ana tuna wanda aka ba canji da wanda aka aika sayen man janareta. Bambancin sati uku ya zama zargi.

Ƙarshen wata: daidaita da banki

Ka sauke bayanan asusunka na watan, ka buɗe ɓangaren daidaitawa a manhaja, ka bi layi bayan layi kana sa alama ga duk wanda ya bayyana a wuri biyun. Abin da ya rage ba alama shi ne aikinka. Galibi ƙananan abubuwa ne: kuɗin alat, cajin POS, naira 50 ɗin nan da ake cirewa a kan taransifar da ta kai 10,000, ko kuɗin da maigida ya tura wa wani ya manta. A shigar da su, bambanci ya koma sifili.

Idan ya ƙi, ga dabarar tsofaffin akantoci. Bambancin da in aka raba shi gida tara ba saura, sau da yawa lambobi aka juya, an rubuta 45,000 a maimakon 54,000. In kuma rabin bambancin ya yi daidai da wani ciniki, to an shigar da shi ta gefen da ba nasa ba. Abin da ba za ka yi ba shi ne ƙirƙirar wata shigarwa don kawai lamba ta daidaita. Wata mai zuwa za ta dawo da 'yan'uwanta. Bayan an daidaita, ka kulle watan da kalmar sirri don kada wani ya koma baya ya taɓa.

To, horon fa?

Yanzu ka koma kan ƙaramin littafin nan na sati ɗaya. Idan kashin rashin sanin hannu yana da tsawo, horo zai biya kuɗinsa. Amma irin wanda ake tara mutum talatin a ɗaki, malami yana haska allo da misalin wani kamfanin Amurka mai gyaran lambu, a ƙarshe a raba satifiket, ban ga ya canza komai a shago ba. Yaro zai dawo ya san sunayen maɓallai, ranar da Hajiya ta dawo da turmi biyu cikin biyar da ta ɗauka bashi ta kuma biya rabi, sai ya tsaya yana kallon allo.

Wannan misalin ma shi nake ba mutane su gwada mai koyarwa da shi kafin a yi ciniki. Ka ƙara masa biyu: dila ya ba ka katan ɗaya kyauta a kan hamsin, yaya za a shigar? Maigida ya ɗauki kaya ya kai gida fa? Wanda ya san aiki zai nuna maka nan take. Wanda ya fara kewaye-kewaye, ka sallame shi da mutunci. Ka kuma lura, idan mai koyarwar shi ne mai sayar da manhajar, yana da la'ada a ciki, ba zai taɓa ce maka ba ta dace da kai ba.

In kun daidaita, ga sharuɗɗan da zan kafa in ni ne. A shagonka za a yi, a kan kwafin bayananka, yadda in an ɓata ba a yi asara ba. Awa biyu a zama, sau huɗu ko biyar, da kwanaki a tsakani don a gwada a dawo da tambaya. Hannun mai koyo ne a kan kwamfuta, malam yana gefe, baki kawai. Mutum biyu aƙalla za su koya, domin yaron shago yana iya samun gaba ko ya buɗe nasa, kada iliminka ya bi shi. Duk aikin da aka koya, mai koyon ya rubuta matakansa da Hausa a takarda guda a manna a bango. Kuma rabin kuɗin sai malam ya dawo ƙarshen wata an daidaita da banki tare, domin a ranar ne ake sanin ko an koya.

Kai ma maigida sai ka zauna, ko da zama biyu ne. Ba sai ka iya shigarwa ba, amma ka iya buɗe rahoton riba da asara, da jerin masu bashi, da tarihin wanda ya goge ko ya canza wani abu. Maigidan da ba ya iya duba waɗannan ya miƙa shagonsa ne ga duk wanda ke riƙe da kalmar sirri. Yawancin yara amintattu ne, amma na taɓa ganin inda ake ta cewa manhaja ba ta da kyau, ashe akwai wanda ruɗanin yake yi wa daɗi.

Kafin ma ka biya, akwai na kyauta. Kamfanonin nan suna da bidiyoyin koyarwa a YouTube, sai dai da Turanci ne kuma suna cin data. Tally yana da tsarin koyo da ba a biya, wanda ke barin ka shigar da ciniki a wasu ranakun wata kawai, ya isa mutum ya saba hannu. Yaro mai ƙwazo yakan cire rabin matsalolinsa ta nan.

Karanta abin da ta ba ka da hankali

Rahoto zai ce ka ci riba, ka duba banki ba kuɗi. Kafin ka zargi kowa, duba jerin masu bashi da yawan kayan da ke sito, galibi ribar tana can a kwance. Sannan a lokacin tsada akwai ribar da ta takarda ce kawai. Ka saro 18,300, ka sayar 19,500, manhaja ta rubuta maka 1,200. Ka koma sari ka tarar ya zama 20,000. Ba ta yi ƙarya ba, amma kuɗin hannunka ba zai maye katan ɗin da ya fita ba. Farashin sayarwa daga sarin gobe ake yanke shi, wannan kuma ba aikin manhaja ba ne.

Ga mai fitar da zakka, littafi mai tsabta yana sauƙaƙa ranar ƙwarai: ga kaya, ga kuɗi, ga bashin da ake sa ran karɓa. Abu biyu dai za ka kiyaye. Manhaja tana ba ka kaya a farashin da ka saya, alhali ana kimanta kayan kasuwanci ne da darajarsu ta ranar, kuma shekararta ta Bature ce, ba ta Hijira ba. Ka buga jerin ka kai wa malaminka, ya nuna maka yadda za a fitar da ɗaya bisa arba'in ɗin.

Saura ajiya. Idan manhajarka a kan kwamfuta take, kullum bayan rufe durowa a kwafi bayanan a filashi, kuma filashin kada ya kwana a shago. Duk wanda ya san gobarar kasuwannin Kano ya san dalili. Sau ɗaya a wata a gwada buɗe kwafin a wata kwamfutar, don kwafin da bai buɗuwa daidai yake da babu. Idan ta intanet ce, duk ƙarshen wata ka sauke jerin masu bashi, jerin kaya da rahoton ciniki a Excel ka tura wa imel ɗinka. Kamfani mai rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ya adana bayanan lissafinsa shekara shida. Imel da lambar wayar da aka buɗe manhajar da su kuma su zama naka ne, ba na yaro ba, ba na wanda ya saka maka ita ba. In ba haka aka yi tun farko ba, gobe da safe ka sa a canza kana tsaye.